Jami'a ba rumfar kasuwa ba ce

Iyayenmu da ƴan'uwanmu na kasuwa, kun fi kowa sanin cewa ciniki yau naka ne, gobe na wani. Shi ya sa muka kawo muku labarin ƙasar Kenya.

A 1998, da kuɗin gwamnati ya kasa, jami'ar Nairobi ta buɗe ƙofa ta biyu. Ɗalibin da makinsa bai kai gwamnati ta ɗauki nauyinsa ba, in gidansu da hali, sai ya biya ya shiga, har karatun likita. Sauran jami'o'i suka bi sahu, kuɗi suka shigo, aka buɗe rassa gari-gari. Shi kuwa ɗan mai tallar ayaba da ya samu maki iri ɗaya, sai zaman gida.

A 2016 aka tsaurara tsaron jarrabawar ƙarshen sakandare. Masu makin shiga jami'a suka ragu da kusan rabi, gwamnati ta ba kusan dukkansu gurbi. Masu biya suka yi ƙaranci, jami'o'i suka nutse cikin bashi, albashin malamai ya riƙa makara.

Mu ma tun 2010 muna da jami'o'i a Maradi, Damagaram da Tawa. Ranar da aka ce su ci da kansu, mu tambaya: wa zai biya wa ɗiyan talakawa? In ciniki ya faɗi, asarar ta wa ce?

Ba mu ƙi mai hali ya ƙara nasa ba. Amma ginshiƙin jami'a harajin da kuke biya ne, dole gwamnati ta riƙe shi. Karatun ɗiyanmu ba albasa ba ne, da za a bar wa kasuwa ta yanka masa farashi.