Digirin motsa jiki: Ina gurbin aikinsa a Kebbi?

Duk shekara idan jami'o'in Nijeriya suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan samu gidajen da murna ke komawa ciki. Yaro ya nemi likitanci ko harhaɗa magunguna, sai ga sunansa ya ɓulla a sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda aka fi sani da PHE.

A unguwa irin Gesse da ke Birnin Kebbi, inda ma'aikatan gwamnati da 'yan boko suke da yawa, tambayar da uba kan yi ba ta wuce guda ba: yanzu shekara huɗu za a kashe a jami'a ana koyon guje-guje da tsalle-tsalle?

Akwai raini a cikin tambayar, kuma akwai rashin sani. To amma akwai wata damuwa ta gaskiya a ƙarƙashinta, wato inda takardar za ta kai mai ita bayan ya gama hidimar ƙasa.

Abin da ake karantawa

Wanda ya shiga sashen da tunanin zai wuni a filin ƙwallo yakan sha mamaki. Ana karanta ƙirar jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya, da yadda zuciya da huhu ke sauya aiki idan mutum ya ɗauki gudu. Ana karanta abinci mai gina jiki, da halayyar ɗan wasa, da raunukan da ake samu a fili da taimakon gaggawa, da dabarun auna ƙarfi da juriya, da kuma tafiyar da harkokin wasanni.

Fannin ba sabo ba ne. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta fara ba da digiri a kansa tun farkon shekarun 1960, kuma a arewa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri sun daɗe suna yaye ɗalibai. Jami'o'i da dama sun sauya wa sashen suna zuwa nazarin motsin jikin ɗan Adam, domin nuna cewa kimiyya ce ake yi. Daga shekara ta 2022 kuma hukumar JAMB ta shigar da darasin cikin waɗanda ɗalibi zai iya zaɓa a jarrabawar shiga jami'a.

Sai dai sauya suna bai sauya mazauni ba. A akasarin jami'o'in ƙasar, sashen yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne. Ɗalibi zai je koyarwar gwaji a makarantar sakandare, kuma digirin da za a ba shi na malanta ne. Hukumar da ke jiran sa da rajista ita ce TRCN, mai yi wa malamai rajista, wadda aka kafa a 1993. Wanda ya bi ta kwalejin ilimi ya samu NCE, irin shaidar da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ke bayarwa, yakan shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, amma shi ma hanyar aji take nufa da shi.

Ba gashin ƙashi ba ne

A nan ne ɗalibai da iyaye da yawa ke yin tuntuɓe. Wasu kan karɓi kwas ɗin da zaton cewa ƙofar baya ce ta shiga aikin asibiti, musamman sashen gashin ƙashi, inda ake kula da waɗanda suka samu karaya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ba haka abin yake ba. Gashin ƙashi kwas ne dabam da ake yi a kwalejin likitanci, ba ya gaza shekara biyar, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara digirinsa a 1966. A arewa, na Jami'ar Bayero ya samo asali ne daga makarantar da ke haɗe da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Akwai hukuma ta musamman, MRTB, da wata dokar soja ta 1988 ta kafa, wadda ke ba masu wannan aiki lasisi. Mai digirin motsa jiki ba ya cikin waɗanda take yi wa rajista, don haka doka ba ta ba shi ikon karɓar majinyaci ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da cike wannan giɓi. A Afirka ta Kudu, ƙwararrun da ke amfani da motsa jiki wajen kula da marasa lafiya suna rajista ne da majalisar da ke yi wa likitoci rajista. A Ostiraliya kuwa, tun 2006 tsarin inshorar lafiya na gwamnati ke biyan kuɗin ganin irin waɗannan ƙwararru idan likita ya tura mai ciwo mai daɗewa wurinsu.

Buƙatar tana nan

Abin lura shi ne cututtukan da suka sa waɗancan ƙasashe ɗaukar wannan mataki sun riga sun iso bakin kogin Rima.

Manomin shinkafa da ke wuni a fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba ya buƙatar wanda zai ce masa ya motsa jiki. Shi ma masunci haka. Amma ɗansa da ya yi boko ya samu aikin ofis, rayuwarsa ta bambanta: daga gida zuwa mota ko kabu-kabu, daga nan zuwa kujera, a dawo a ci tuwon shinkafa a kishingiɗa. Abincin na manomi ne, aikin kuwa na zaune.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya riƙa samun minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro kuma awa guda a kullum. A 2024 ta fitar da alƙaluman da ke nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ƙa'ida. A Nijeriya, ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin baligai uku na da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Duk wanda ya taɓa raka mai hawan jini ko ciwon suga asibiti ya san yadda ganin likita ke ƙarewa. A rubuta magani, a ce a rage gishiri, sa'annan a ce a riƙa motsa jiki. Wane iri, na minti nawa, da wane lokaci, babu mai faɗa, domin layi na jiran likita a waje.

Kuma waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Dattijo mai shekara 60 da ke shan maganin suga, yana azumi, ba zai bi tsarin da matashi mai neman shiga soja ke bi ba. Idan ya bi, yana iya faɗuwa. Tsara masa abin da ya dace da shi shi ne ainihin abin da ɗalibin wannan fanni ya kamata ya iya, amma ba kasafai ake samun kujerar da aka ware masa a asibitin gwamnati ba.

Lamarin ya fi tsanani a ɓangaren mata. Matar aure a Gesse ko Argungu ba za ta fita titi da asuba tana sassarfa ba, kuma da wuya mijinta, ko ita kanta, su amince namiji ya horar da ita. Abin da take buƙata shi ne killataccen wuri da mace ƙwararriya. Sai ga shi kuma wannan na cikin kwasa-kwasan da iyaye a arewa suka fi ƙyamar 'ya'yansu mata su karanta, galibi saboda batun sutura a darussan fili, matsalar da doguwar riga da wando da hijabi suka isa su warware. Ga dukkan alamu, idan akwai kasuwar da ke zaune ba mai ci a wannan fanni, to wannan ce.

Gwanintar Kabawa

Ta fuskar wasanni kuwa, da wuya a samu jihar da ta kai Kebbi nuna tazarar da ke tsakanin baiwa da horo.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ba kamun kifi kaɗai ba ne. Akwai kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da ninkaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, ga kuma kokawa da dambe. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma ya dawo a 2020 bayan ya shafe kimanin shekara goma ba a yi ba.

Mutumin da zai rungumi gora da homa ya faɗa Matan Fada, ya yi ta nutso yana kokawa da giwan ruwa, yana da huhu da ƙarfin da duk wani koci zai so ya auna. To amma da an watse daga biki, shi ke nan, kowa ya koma sana'arsa.

A gasar Olympics, ninkaya kaɗai na da lambobin zinare fiye da 30, ban da na tseren kwale-kwale. Nijeriya ta je Paris a 2024 da 'yan wasa 88 ta dawo ba ko tagulla, kamar yadda ta faru a London a 2012. Ayomide Bello, wadda ta wakilci ƙasar a tseren kwale-kwale a Tokyo da Paris, daga kudu ta fito.

Ba wai ana cewa gwanin kogi zai faɗa kwamin ninkaya ya ci zinare ba ne. Salon ya bambanta, kuma zakarun duniya tun suna yara ƙanana ake fara horar da su, da agogo a hannu. Wannan ɗin ne aikin da babu mai yi: zaƙulo yaro, auna shi, tsara masa horo da abinci, da kare shi daga rauni.

Akwai ma abin da ya fi lambar yabo. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, inda gomman mutane suka rasu. A jihar da kogin Neja da na Rima suka ratsa, koyar da ninkaya da ceto a makarantu batu ne na rai da mutuwa, kuma malamai kan tunatar cewa addini ma ya kwaɗaitar da koya wa yara ita.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun nuna abin da tsari ke iya yi wa wasan gargajiya. Tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa domin cin takobi, gwamnati na ɗaukar nauyi, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, kowace tawaga da masu horar da ita. Issaka Issaka, wanda ya ci takobin sau da dama, ɗan kokawar Dosso ne, jihar da ke iyaka da Kebbi. A Nijeriya ma kokawa da dambe na cikin wasannin Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a 1973, sai dai a jihohi da yawa ba a tuna 'yan wasa sai gasa ta ƙarato.

Inda ake samun aikin

A halin da ake ciki, mafi yawan masu wannan digiri aji suke komawa. Wasu kan shiga soja, ko 'yan sanda, ko sauran hukumomi masu kayan sarki, inda horon jiki ke da daraja. Kaɗan kan samu gurbi a ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha. Waɗanda suka karkata ga ilimin kiwon lafiya kan samu aikin wayar da kai a hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji.

Mai son zama koci sai ya ƙara da shaidar Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ko lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, domin digiri kaɗai ba ya ba shi benci. Gidajen motsa jiki masu biyan albashin kirki kuwa sun fi yawa a Abuja da Legas da Kano, kuma da yawansu sun fi duba ƙirjin mai neman aiki fiye da takardarsa.

Gwamnatin tarayya ta sha alwashin mayar da wasanni sana'a. A 2022 ta amince da wata manufa kan haka, a watan Oktoban 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Amma filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, da makarantu, da akasarin asibitocin da talaka ke zuwa, duk a hannun jiha suke. A can ne ake buɗe gurbi ko a ƙi buɗewa.

Wata dama ta taso daga sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta bayyana a 2025, wadda ta ware PHE a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, bayan shekarun da ya yi cuɗe da kimiyya da fasaha. A makarantu da dama, al'adar ita ce a miƙa darasin ga duk malamin da ba shi da aiki a wannan sa'a, ko a jefa wa yara ƙwallo a koma inuwa. Wasu makarantun kuɗi ma ba su da filin da za a jefa ƙwallon.

Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon shugaban ƙungiyar malaman Nijeriya ne, NUT, don haka ba baƙo ba ne ga yadda ake raba guraben malanta. Masu riƙe da wannan digiri a jihar za su zuba ido su ga nawa za a ware musu duk lokacin da aka tashi ɗaukar malamai, da kuma nawa daga ciki za su kasance na mata.