Ɗakin Taron Gari da Haƙƙin Riƙonsa

Duk wanda ya yi fatauci cikin ƙauyukan ƙasar Hausa ba ya rasa ganin wani gini kusa da ƙofar dagaci, kwanonsa ya yaye, tagoginsa ba marufi, awaki na kwana a ciki. In ya tambaya sai a ce masa ɗakin taro ne, jama'a suka gina da gayya. Ran da aka aza harsashinsa samari sun kwaɓa ƙasa, mata sun ɗebo ruwa, attajirai sun sayi kwano, 'yan gari mazauna birni sun aiko da gudummawa. Ran da iskar farkon damina ta ɗage kwano biyu kuwa, ba a sami mai hawa da guduma ba.

Mutanen da suka iya tā da gini ba za su rasa kuɗin ƙusa ba. Abin da ya faru shi ne an gina ɗaki, ba a danƙa shi hannun kowa ba, ba a kuma yanka masa abin da zai ci ba. Gini kuwa yana ci kamar yadda jakin fatake ke ci: na ƙasa yana son yaɓe, azara tana son a tsare ta daga gara, na siminti ma yana son gyaran tsaga.

Saboda haka wajibi ne mai aron ɗakin don biki ko walima ko taron ƙungiya ya biya wani abu sananne. Nan ne gardama take. Wasu dattawa sukan ce abin kunya ne a karɓi kuɗi hannun mutumin da ya ɗauki tubalin ginin a kansa. Maganar tana da daɗin ji, amma malamai sun san amsarta a babin hubusi, watau wakafi. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an bayyana cewa ana bin sharaɗin mai yin hubusi muddin ya halatta, amma in ya shardanta kada a fara da gyaran abin, wannan sharaɗi ba a bin sa. Gyara ake fara fitarwa daga abin da ya shigo, sa'an nan masu rabo su samu. To, in mai dukiyar da kansa ba a ba shi ikon hana gyara ba, ina ga mai aro na yini guda? Taron sulhu, da karatun manya, da allurar rigakafi, waɗannan a bar su kyauta, don dominsu aka yi ginin. Masu neman zaɓe kuwa su biya tun kafin a buɗe musu ƙofa, farashi ɗaya ga kowace jam'iyya, gama bayan an jefa ƙuri'a ganinsu yakan yi wuya.

Kuɗi in sun shigo, fitina ta biyu ta shigo tare da su. Maganinta 'yan kasuwa sun daɗe da saninsa: mabuɗi hannun wani, kuɗi hannun wani, littafi hannun na uku, kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya. Wannan ba zargi ba ne, tsare mutuncin amintacce ne, domin ma'ajin da ba a rubuta masa kome ba, ran da aka tuhume shi ba shi da abin kāre kansa sai rantsuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba lalle sai da boko ba, almajiri mai kyan hannu ya isa ya rubuta da ajami wa ya ara, yaushe, nawa ya biya, kujeru da tabarmi nawa suka fita, nawa suka komo. Kujerun nan, dai, su ne suka fi ɓata: a kai su gidan suna, su zama na gidan.

Akwai kuma zancen fili, wanda ba a tunawa da shi sai mai kyautar ya rasu, magada sun zo da igiyar awo. A mazhabar Malikiyya hubusin da bai fita hannun mai shi ba har ya mutu ya ɓaci. A wajen hukuma kuma, dokar ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon fili a karkara, dokar kamfanoni ta 2020 kuwa ta tanadi hanyar yi wa amintattun ƙungiya rajista, su riƙe dukiya da sunan ƙungiyar. Gara a sha wahalar takardun tun mai kyauta yana da rai, shaidu suna nan.

A Ingila akwai ɗakunan taron ƙauye wajen 10,000, da yawansu an gina su bayan yaƙin da ya ƙare a 1918 don tunawa da waɗanda suka mutu. Galibinsu 'yan sa kai ke riƙe da su, suna karɓar kuɗin haya, suna karanta hisabi gaban jama'a kowace shekara. Ba wata dabara ce da ta gagari ƙauyen Hausa ba.

Lokacin hisabin ma a zaɓe shi da hankali. Bayan kaka ya fi, sa'ad da hatsi ke rumbu, 'yan cirani ba su tafi ba tukuna. A karanta littafin da ƙarfi a ƙofar dagaci, a ƙirga kujeru gaban kowa, a keɓe kason gyara kafin a taɓa ko kwabo don wani abu. Da bazara ta kama a kira magini da kafinta, su duba rufi da indararo tun hadarin farko bai taso daga gabas ba.