Talabijin ɗin Kanti da Haƙƙin Wanda Ba Zai Iya Tashi Ba

A zauren banki, ko babban kantin magani, ko ɗakin jira na asibitin kuɗi, da wuya a rasa talabijin kafe a bango. Galibi ba tasha take kamawa ba. Wani ɗan bidiyo ne na tallar wurin aka saka, yana kaiwa ƙarshe ya koma farko, haka tun buɗe ƙofa har zuwa tashi. Mai wurin yana kallon allon a matsayin ɗan talla da ba ya karɓar albashi, ba ya kuma gajiya. Abin da ba ya shiga lissafinsa shi ne akwai masu gajiya a madadin allon.

Haɗa wannan aiki ba shi da wuya, shi ya sa ya yaɗu. A zuba bidiyon a filash, a soka a bayan talabijin, a zaɓi maimaitawa da rimot, an gama. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ta wuta: yawancin talabijin na gida ba sa ci gaba da bidiyon da kansu idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai wani ya sake bin matakan da hannu. Don haka masu hali ke sayen allunan da aka ƙera musamman domin kasuwanci, ko su haɗa wata 'yar na'ura mai fara bidiyon da zarar wuta ta shigo. Duk hankali ya tafi ga yadda za a hana allon tsayawa. Ba a cika tambayar wa zai zauna a ƙarƙashinsa ba.

Lissafin a fili yake. Bidiyo mai tsawon minti 2 yana zagayowa sau 30 a awa guda. Wanda ya yi jiran minti 40 a layi zai gan shi sau 20. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta na awa 8 za ta ji shi sau 240 a yini, sau 1,440 a makon aiki na kwana shida, alhali tana ƙirga kuɗin mutane ko tana karanta takardar likita domin ba da magani. Ido yana da murfi, mutum kan kuma iya kau da kai. Kunne ba shi da wannan gata. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna irin wannan allo da shi ba mai wucewa ba ne, wanda ba zai iya tashi ba ne.

Gardamar ta girmi talabijin na zamani. A ƙarshen shekarun 1940, kamfanin Capital Transit mai jigilar jama'a a birnin Washington na Amurka ya saka lasifika a motocinsa, yana watsa wa fasinjoji kiɗa da labarai da talla daga wani gidan rediyo. Wasu fasinjoji suka kai ƙara, har maganar ta isa Kotun Ƙoli. A 1952 mafi yawan alƙalan suka yanke cewa kamfanin bai keta tsarin mulki ba. Amma mai shari'a William O. Douglas ya saɓa musu, bisa hujjar cewa mutumin da ba shi da wata hanyar zuwa aiki sai wannan mota bai zaɓi sauraro ba, tsare shi aka yi. Wani alƙalin, Felix Frankfurter, janyewa ya yi daga shari'ar, domin shi kansa abin ya dame shi har yana tsoron ba zai yi adalci ba.

A birnin New York kuwa jama'a ne suka yi nasara. A 1949 tashar jirgin ƙasa ta Grand Central ta fara watsa talla ta lasifika. Matafiya suka yi ca a kanta, cikinsu har da Harold Ross, editan mujallar The New Yorker, kuma a farkon 1950 aka daina. A 2004 wani injiniya mai suna Mitch Altman ya fitar da TV-B-Gone, ɗan ƙaramin rimot da ba ya aikin komai sai kashe talabijin a wuraren taruwar jama'a, ya kuma sami masu saye. A Maris na 2021 CNN ta rufe tasharta ta musamman da ta kusan shekara 30 tana nunawa a filayen jiragen saman Amurka. Cikin dalilan da ta bayar, bayan raguwar matafiya saboda annobar korona, akwai cewa mutane sun koma kallon abin da suke so a wayoyinsu. Wannan darasi ne ga kowane mai kanti: wanda ke zaune a kan benci yanzu yana da nasa allon a aljihu.

Mai kanti yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Wurinsa ne, wutarsa ce, yana da ikon tallata hajarsa. Masana harkar kasuwanci ma suna bayansa ta wani gefe. David Maister ya bayyana a wani sanannen rubutunsa na 1985 cewa jiran da mutum ba ya yin komai a cikinsa ya fi yi masa tsawo a rai a kan wanda ya sami abin da ya ɗauke masa hankali. Tun a 1968 kuma masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kan sa mutum ya saba da shi har ya so shi. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna sabon yana da iyaka: bayan wani adadi na maimaici, so kan juye ya zama ƙosawa. Ko zuma ce, in ta yi yawa tana ginsa. Bidiyon da ya rage wa mai jira tsawon minti biyun farko, a zagaye na goma shi ne agogon da ke tuna masa yawan lokacin da ya ɓata. Haushin kuwa sunan kamfanin da ke kan allon yake bi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Abu na farko shi ne sauti: a kashe shi, a bar hoto da rubutu mai girma su yi bayani. Za a ce ba kowa ke karanta boko ba, musamman a asibitoci da kantunan magani, kuma gaskiya ne. Maganin wannan shi ne a bar murya ta fito jefi-jefi, misali sau ɗaya a cikin rubu'in awa, sauran lokacin allon ya yi shiru. Saƙon da ya zo bayan shiru ya fi shiga kunne a kan wanda ba ya yankewa.

Na biyu shi ne tsawo. A bakin kanti inda mutane ke wucewa, gajeren bidiyo ya wadatar, domin mai kallon ba ya daɗewa. A ɗakin da ake jiran minti 30 kuwa, ya kamata jerin bidiyoyin ya kai minti 30, ta yadda mutum ba zai ga abu ɗaya fiye da sau ɗaya ko biyu ba. Na uku shi ne abin da ake nunawa. Mai jira a banki ya fi buƙatar sanin takardun da za a nema a wurinsa, da lambar da ake kira, da yadda 'yan damfara ke yaudarar mutane su karɓi lambar sirrin katinsu. Uwar da ta kawo yaro asibiti za ta fi amfana da ganin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Tallar da aka saƙa a tsakanin irin wannan bayani ta fi samun masu kallo da zuciya ɗaya.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka da ake yawan mantawa. Sauko da waƙa ko fim daga intanet a riƙa nuna wa abokan ciniki ba ɗaya ba ne da kallo a falo. Ƙa'idojin YouTube sun hana nuna bidiyoyinsa ga jama'a ta wannan hanya, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta bar ikon nuna aiki a bainar jama'a a hannun mai shi. Mawaƙin da ake juya waƙarsa sau ɗari biyu a yini domin jan masu saye yana da haƙƙi a cinikin.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan harka mai ɗakin yakan kunna allon ya shige ofis ko ya tafi uzurinsa. Waɗanda suka san yoyon su ne mai gadi, da mai karɓar kuɗi, da tsohon da ke jiran a kira lambarsa. Kafin mai wuri ya danna maimaitawa, ya kamata ya zauna a kan bencin nan na awa guda, da sautin a yadda ya saita shi. In ya iya jurewa, sai ya tambayi ma'aikaciyar da za ta yi awa takwas.