BANGO YA TSAGE, WA ZAI GYARA?

Ɗan'uwanmu na zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan, shekara da shekaru yana aika guminsa gida don a gina masa ɗaki a Angwan Iya, Keffi. Ba ya nan aka buga bulo, aka cika yashi, aka rage siminti. Damina biyu, bango ya tsage, rufi na yoyo, magini kuwa ya yi layar zana.

A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, Bankin Lamunin Gidaje kuma ya ba shi rancen gyaran gida. To amma sai mai zubi. Mahauci da ɗan dako da mai gadi fa?

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Nasarawa da ta buɗe wa irin waɗannan bayin Allah rance mai sauƙin biya, ta kuma riƙa tura masu duba gini tun ana haƙa harsashi. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a 2021 ya ishe mu ishara.

Ku kuma 'yan'uwa, tun ran gini ran zane. Kafin ku aika kuɗi, ku sami amintaccen da zai tsaya muku.