Horad Da Ɗaliban Ilmin Teku A Bakin Ruwa

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku a cikin shekarar 2023, maganar da ta fi yawa a bakin manya ita ce ta tashoshin jiragen ruwa da kuɗin shiga. Ba a cika tambayar su wane ne za su riƙa auna lafiyar ruwan kansa ba, alhali kuwa gaɓar tekun Nijeriya ta kai kilomita 850.

Makarantu dai akwai su. Cibiyar binciken teku ta Legas tana nan tun 1975, Jami'ar Kalaba ma tana da tata. Abin dubawa shi ne irin horon da ɗalibai ke samu. Teku yana cikowa ya janye sau biyu kowace rana, gishirin ruwan bakin kogi kuwa yakan ragu da damina ya ƙaru da rani. Ɗalibin da aka kai ziyarar yini guda hali ɗaya kurum ya gani. Sai ya tare makonni, yana kutsawa cikin taɓo, yana ɗibar ruwa safe da yamma, yana sauraron masunta, sa'an nan alƙalumansa za su zama abin dogara.

Aikin da ke jiran irin waɗannan ɗalibai ba ƙarami ba ne. Dajin mangurof na Neja Delta, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, nan ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma. Wani icce dangin kwakwa mai suna nifa, wanda aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, yana ta mamaye wurinsu. Ga kuma malalar mai: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ba mai iya tabbatad da cewa wuri ya gyaru sai wanda ya iya ɗaukar samfurin laka ya gwada.

Cikas ɗin kuwa kuɗi ne: kwalekwale mai inji, man fetur, kayan awo, da tsaro. Idan aljihun jami'a ya yi rauni, fita daji ake fara sokewa, domin ba a ganin giɓinta a takardar shaida. Ya kamata ma'aikatar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa su keɓe wa wannan fita kaso nata daban a cikin kasafin kuɗi, a kuma ƙayyade yawan makonnin da ɗalibi zai yi a bakin ruwa kafin a ba shi digiri.