Littafin da aka hana ɗalibai karantawa a Wisconsin

A shekarar 2022, a gundumar makarantu ta Muskego-Norway da ke jihar Wisconsin a Amurka, malamai suka zaɓi wani ɗan ƙaramin littafi don ƴan aji na goma, wato sa'o'in ƴan seconde a wurinmu. Hukumar makarantun ta ƙi amincewa da shi. Wai littafin ya karkata gefe guda, wai ba a ji muryar Amurka a cikinsa ba. Na kusa shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan hujja ba ta da tushe balle makama.

Marubuciyar ita ce Julie Otsuka, wadda aka haifa a Palo Alto, jihar Kalifoniya, a 1962, asalin iyayenta daga Japan. Washegarin harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamban 1941, jami'an FBI suka kama kakanta bisa zargin leƙen asiri. A ranar 19 ga Fabrairu 1942 shugaba Roosevelt ya sa hannu kan doka mai lamba 9066, aka kwashe mutum wajen 120,000 masu jinin Japan aka tsare a sansanoni. Mahaifiyar Julie, tana ƙaramar yarinya, ta yi shekara uku a sansanin Topaz cikin hamadar Utah, tare da ɗan'uwanta da mahaifiyarsu.

Julie ba da rubutu ta fara ba. Zane ta karanta a jami'ar Yale, ta yi shekaru tana fama da shi, abin ya ƙi, ta ajiye. Sai da ta kai shekara talatin ta kama alƙalami, kuma tana da arba'in littafinta na farko ya fito a 2002. Shi ne wanda aka hana. An fassara shi da Faransanci da sunan Quand l'empereur était un dieu. Labarin iyali ne na birnin Berkeley: uwa, ƴa, ɗa, da uban da aka kama da dare. Ba ta ba su suna ba, domin dubban iyalai ne a cikinsu. An fara ajiye su a ɗakunan dawakai na filin sukuwa, daga nan jirgin ƙasa ya kai su hamada. Da yaƙi ya ƙare suka koma gida, uban ya dawo a karye, ƴaƴansa da kyar suke gane shi.

To, ina tambayar hukumar nan: wace murya ce ta Amurka idan ba wannan ba? Kashi biyu cikin uku na waɗanda aka tsare ƴan ƙasa ne, a can aka yanke cibiyarsu. Samarinsu sun shiga rundunar soja ta 442, suka yi wa Amurka yaƙi a Italiya da Faransa alhali iyayensu na bayan waya mai ƙaya. Wanda ya ce labarinsu ba na Amurka ba ne, ya maimaita kuskuren 1942 ke nan, ya sake cire su daga cikin ƴan ƙasa saboda kamanninsu.

Wani zai ce ai a Pearl Harbor an kashe Amurkawa sama da 2,400, mutane sun tsorata, ya kamata yaro ya san wannan. Na yarda, kuma aikin malami ne ya bayyana shi a kan allo kafin a buɗe littafin. Amma ba a dora wa marubuciya nauyin wanke gwamnatin da ta tsare mahaifiyarta. Ita gwamnatin ma ba ta wanke kanta ba. A 1988 shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar neman gafara, aka biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000. Mai laifi ya amsa laifinsa, sai kuma hukumar makaranta ta tashi tana nema masa uzurin da shi ya daina nema.

Duniya kuwa ta san darajar matar. Littafinta na biyu, na 2011, kan ƴan matan Japan da aka aurar ta hanyar hoto aka sa su a jirgin ruwa zuwa wurin mazan da ba su taɓa gani ba, ya ci kyautar PEN/Faulkner a Amurka da ta Femina ta littattafan waje a Faransa a 2012. Na uku ya fito a 2022, kan wata uwa da hankalinta ke gushewa, irin ciwon da ya kama mahaifiyarta. Littafi uku cikin shekara ashirin, dukansu sirara, dukansu a kan abin da ake gudun a manta.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, kada mu yi wa mutanen Wisconsin dariya mu manta da kanmu. Na ga uba ya fizge littafin labari daga hannun ɗiyarsa yana cewa ƙarya ce da ɓata lokaci. Na ga malami ya tsallake darasi don kada ya taɓa ran wani babba. Shekaru da alƙaluma da muke sa yara su haddace suna zubewa bayan jarrabawa, amma yaron da ya karanta yadda sa'ansa ya kwana a ɗakin doki ba zai manta da 1942 ba, kuma ranar da ya ga ana ware wasu saboda asalinsu zai gane abin da yake gani.

Uba na da haƙƙin ya san abin da ɗansa ke karantawa. Amma kafin ya ce a'a, ya karanta littafin daga farko har ƙarshe, ya zo ya zauna da malami, ya nuna shafin da bai yarda da shi ba. Wannan na Julie Otsuka bai kai shafi ɗari biyu ba, dare biyu sun isa.