Na'ura ta yi ƙirga, almakashi ya zauna a hannun mutum



Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar marubuta ya san mutumin nan da ake ba wa minti uku ya share ashirin, idan shugaban zama ya yi gyaran murya kuma ya ce ai yanzu ma ya fara. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokacin mu ne shi. Shi ya sa yau muka ɗauko wata tambaya daga Wikipedia ta Ingilishi: ya dace a sa na'ura ta riƙa tilasta wa masu jayayya iyakar kalmomi? Ra'ayinmu shi ne a bar na'ura ta ƙirga ta kuma yi gargaɗi, amma yanke maganar mutum aikin mutum ne.

Ga asalin abin. An buɗe Wikipedia a Janairun 2001, kuma ba a daɗe ba rigingimun editoci suka fi ƙarfin mutum ɗaya. A ƙarshen 2003 Jimmy Wales ya kafa Kwamitin Sasanci, wanda shi ne kamar kotun ƙoli ta shafin. Kwamitin ba ya yanke abin da maƙala za ta ƙunsa. Halayyar editoci yake dubawa, kuma yana da ikon hana mutum taɓa wani fanni ko ya kore shi gaba ɗaya. Membobinsa zaɓaɓɓu ne, 'yan sa kai, ba a biyan su ko sisi. Idan aka shigar da ƙara, kowa a sashensa yake rubuta bayaninsa, kuma kalma 500 aka ƙayyade masa. Mai buƙatar ƙari sai ya nemi izini. Akwai kuma akawunan kwamitin, su ma 'yan sa kai, da ke tunatar da wanda ya zarce, in ta kama su rage masa.

Ƙirga da ido wahala ce, shi ya sa na'ura ta shigo. Edita na iya saka ɗan ƙaramin shiri na JavaScript a asusunsa, ya riƙa nuna masa adadin kalmomin kowane sashe. Ana iya sa bot, wato shirin da ke zagaye shafuka da kansa, ya ajiye wa mutum sanarwa cewa ya wuce iyaka. Manhajar MediaWiki da Wikipedia ke gudana a kanta kuma tana da matata da ke duba gyara kafin a adana shi, ta yi gargaɗi ko ta hana. To tunda ga kayan aiki, me zai hana a ce da zarar mutum ya kai kalma ta 501 ƙofa ta rufe?

Mu fara da abin da muka yarda da shi. Iyakar kanta daidai ce. Idan mutum talatin suka rubuta kalma 500 kowannensu, an tara 15,000, kuma wanda zai karanta su yana da aikinsa da iyalinsa. In babu iyaka, mai yawan lokaci da yawan data ne zai yi nasara, ko da kuwa ba shi da gaskiya, domin zai yi ta zuba har kowa ya gaji ya bar masa fili. Ƙirgan na'ura ma yana da kyau, don ba ta san tsohon hannu ba, ba ta san sabon shiga ba. Akawu na iya jin nauyin wanda suka shekara goma suna aiki tare. Na'ura ba ta jin nauyin kowa, kuma idan adadin yana bayyane a gaban jama'a, ba wanda zai ce an yi masa son kai.

Inda muka rabu da masu son a rufe ƙofa shi ne wajen yankewa. Na farko, ƙirgan ma kansa yana buƙatar hukunci. Sa hannun edita da kwanan watan da ke biye da shi, kalmomi ne? Idan na kawo maganar abokin jayayyata don in nuna inda ya zage ni, a kasona za a lissafa ta? Na'ura abin da aka gaya mata kawai take yi, kuma wanda ya rubuta shirin ya riga ya amsa waɗannan tambayoyi a madadin kowa, galibi ba tare da an sani ba.

Na biyu, iyaka ɗaya ba ta nufin nauyi ɗaya. Idan mutum goma suka taru a kan mutum ɗaya, suna da kalma 5,000, shi kuma yana da 500 da zai kare kansa daga dukkansu. Akawu mai hankali zai ga haka ya ba da shawarar a ƙara masa. Shirin kwamfuta kuwa zai datse shi a tsakiyar jimla, wataƙila daidai inda zai kawo babbar hujjarsa ko ya nemi afuwa. Wanda Ingilishi ba harshensa na gado ba ne ya fi shiga haɗari, domin yakan yi zagaye kafin ya isa inda ɗan harshe zai isa da kalma uku. A kotun da za ta iya raba mutum da aikin da ya ba shekarunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, domin akwai Wikipedia ta Hausa, kuma abin da aka saba a babban gida yakan gangaro. Yawancin masu ƙirgan kalmomi tazara suke bi, duk abin da ke tsakanin tazara biyu kalma ɗaya ce a wurinsu. Ku duba wannan jimla: "Ya ce za su zo, amma ba za mu jira ba." Kalma 11 ce. Yanzu a rubuta ta yadda ake yi a WhatsApp: "Yace zasu zo, amma bazamu jira ba." Ta koma 7. Wanda ya karya ƙa'idar rubutu ya samu rangwamen kalma huɗu, wanda ya kiyaye ta kuma an ci shi tara. Mun sha wahalar koya wa juna bambancin "a kan" da "akan", da "ko da" da "koda". Ranar da na'ura ta fara rufe ƙofa a kan adadi, ita da kanta za ta koya wa mutane haɗe kalmomi don su tsira. Mutum ne kaɗai zai kalli rubutun ya gane cewa wannan ba taƙaitawa ba ce, dabara ce.

Kada wani ya ɗauka muna nema wa masu dogon surutu mafaka ne. Waɗanda suka taɓa shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun san yadda iyakar kalmomi ke tilasta wa marubuciya zubar da gaisuwar da ba ta ƙare ba da bayanin da labari bai nema ba, kuma sau da yawa labarin ya fi ƙarfi bayan an rage shi. Amma ita ce ta zaɓi abin da za ta zubar. Da na'ura ce ta sare mata sakin layi na ƙarshe, da labari ya tafi ba wutsiya.

Saboda haka, ga duk zauren da ke tunanin irin wannan doka, har da namu, ga abin da muke gani. A bayyana adadin tun mutum yana rubutu. A faɗi abin da ake ƙirgawa da abin da ba a ƙirgawa. A ba wanda ya zarce lokaci ya rage da hannunsa, a kuma bar hanyar neman ƙari a buɗe, musamman ga wanda ake tuhuma.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemo sharhi mafi tsawo da ya taɓa rubutawa a nan, ya mayar da shi rabi ba tare da ya haɗe kalma ko ɗaya ba, ya liƙa tsohon da sabon a ƙasa. Za mu karanta, mu ga abin da ya ɓata a hanya, in ma akwai.